Tambaya da Amsa: Za a yanki haraji a kuɗin da ke asusuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da masara da acca a kasuwar Katako. Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, abokan kasuwa suka ce in daina karɓar taransfa, wai duk kuɗin da ya shiga asusu gwamnati za ta yanki nata don ta cike giɓin kasafin kuɗi. Yanzu a gida nake ɓoye ciniki. Ɗana kuma albashinsa naira 100,000 a wata, shi ma hankalinsa a tashe yake. Mece ce gaskiyar magana?
Daga wani mai karatu, Gangare, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, ka mayar da kuɗin nan banki. Mu da muka ga gobarar kasuwar Taminus a 2002 bai kamata a sake koya mana darasin ajiye dukiya a wuri ɗaya ba.

Giɓin da suke faɗa gaskiya ne. Kasafin tarayya na 2025 naira tiriliyan 54.99 ne, giɓinsa ya haura tiriliyan 13, abin da aka ware wa biyan bashi kuma wajen tiriliyan 14. Wato ana ciyo bashi ne a biya bashi, kamar mai haƙa sabon rami don ya binne tsoho. Harajin da ake tarawa bai fi kashi 11 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa ba, ga ƙididdigar 2021. Wannan ya sa Shugaba Tinubu ya kafa kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele a 2023, ya kuma sa hannu a dokoki huɗu ranar 26 ga Yuni, 2025. Aikinsu ya fara daga Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS.

To amma dokar riba take bi, ba kuɗin da ya ratsa asusu ba. Naira 50 da ake cira a taransfar dubu goma zuwa sama tsohon abu ne, ka daɗe kana biya. A ce miliyan ashirin ta wuce ta hannunka a shekara, ka cire kuɗin sari, da na mota, da na 'yan dako, da hayar rumfa, ya rage maka miliyan ɗaya da rabi. Naira 800,000 ta farko ba a taɓa ta. Sauran 700,000 ake ɗaukar kashi 15, wato 105,000 a shekara, kuma hukumar haraji ta jihar Filato za ka biya, ba Abuja ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wa zai shaida cewa ribarka ke nan? Na taɓa yi wa wani mai dankalin Turawa lissafi, yana saro kaya daga Bokkos. Na ce ina littafinka, sai ya zaro kwalin sigari biyu da bayan wata takardar ɗaurin aure, duk an cika su da lambobi ba kwanan wata. Kwana uku muka yi muna haɗa kai da gindi. Wanda ba shi da littafi, kintace ake yi masa, kuma ban taɓa ganin mai kintace ya yi kuskure ta wajen ragi ba. Ka sayi littafi mai bango, yaron shago ya riƙa rubuta abin da aka saro da abin da aka sayar kullum. Taransfar da kake gudu ma shaida ce a gare ka.

Shi kuwa ɗanka, miliyan 1.2 yake samu a shekara. Idan hayarsa 300,000 ce, ana ɗauke masa kashi 20 nata, 60,000 ke nan. A fitar da 800,000, saura 340,000. Harajinsa 51,000 a shekara, naira 4,250 a wata, kuma zai ragu in an cire kuɗin fansho. Ya riƙe rasidin haya.

Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, yana nan a kashi 7.5. An so a ɗaga shi, majalisa ta ƙi. Kayan abinci irin naka ba a ɗora musu. Rigimar da gwamnonin Arewa suka tayar a Kaduna a Oktoban 2024 kan rabon kuɗin ne, aka ƙare da jihohi suna karɓar kashi 55 maimakon 50.

Ko wannan zai cike giɓin? Ni dai ban gani ba tukuna, matuƙar kashe kuɗin gwamnati bai ragu ba. Kuma na san ba wannan ne harajin da ke ci maka tuwo a ƙwarya ba. Na hanya ne: igiya a tare titi, tikiti kala-kala, motar masara ta biya sau biyar kafin ta iso Katako, rasidin ko hatimi babu. Iyayenmu har yau suna yi wa Abubakar Rimi da Balarabe Musa addu'a saboda soke haraji da jangali, ga shi harajin ya dawo da sabuwar riga. An yi alkawarin haɗe kuɗaɗen hanyar nan wuri ɗaya. Kafin nan, duk tikitin da aka yanka wa direbanka ka karɓa ka maƙala a littafin, domin shi ma kuɗin kasuwa ne da za mu yi ƙoƙarin cirewa kafin a lissafa riba.