Kofin Duniya na Zari-Ruga a Ostireliya: in ci bashi in ƙara mota?

Tambaya: Malam, ina zaune a birnin Perth, ina sayar da tsire da balangu a motar abinci. Za a yi gasar kofin duniya ta zari-ruga a nan a 2027. Ina son in ci bashin banki in sayi mota ta biyu, in kafa ta a bakin filin wasa. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Amma bashin nan, ni dai ban goyi baya ba.

Gasar babba ce, babu ko tantama: ƙasashe 24, wasanni 52, daga 1 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2027, a birane bakwai. To amma lissafa rabon garinku. Perth wasa bakwai kawai ta samu, har da na buɗe gasar, a filin da ke ɗaukar mutum kusan 60,000. Kaso mafi tsoka yana Sydney, mai wasanni 13 har da na ƙarshe, sai Brisbane mai 10, kuma daga Perth zuwa Sydney tafiyar kusan kilomita 4,000 ce a mota. Kasuwar kwana bakwai ke nan, bashi kuwa shekaru zai yi yana binka.

Sannan bakin filin ba naka ba ne. Abincin ciki yana hannun kamfanonin da suka riƙe kwangila, kewayen filin kuma a irin waɗannan ranaku ba a barin kowa ya kafa tebur sai da izini. Kada kuma ka kuskura ka manna tambarin gasar a jikin motarka ko a riga, hukumar World Rugby mai kula da gasar ba ta wasa da wannan.

Inda nake hango maka kuɗi daban ne. Perth cike take da mutanen Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, kuma duk ƙasashen biyu suna cikin gasar. Afirka ta Kudu ce ma ke riƙe da kofin, Zimbabuwe kuwa rabonta da zuwa tun 1991. Mutanen nan ba su haɗa gasasshen nama da komai ba. Za su taru a kulob-kulob da gidaje su kalli wasannin da ake yi a sauran birane, makonni shida cur. Je ka same su tun yanzu, ka ba su ɗanɗano, yaji a gefe don ba kowa ke jure namu ba, ka ƙulla yarjejeniyar kai musu nama da kuɗin kafin alƙalami.

Motar da kake da ita ta isa. In aiki ya yi yawa, ɗauki hayar wata na 'yan makonni da ma'aikaci ɗaya. Ka tabbata rajistarka da ƙaramar hukuma da inshorarka ba su ƙare ba, in kuma cinikin shekara ya kai dala 75,000 ta Ostireliya, dole ka yi rajistar GST, wato harajin kaya da ayyuka. Kilishi kuwa, kada ka sa a aiko maka daga gida, a filin jirgi za a ƙwace shi. Sayi naman nan ka yi da kanka.