Dolfin a tafkin siminti: kiwo ne ko ɗauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Hutun da ya wuce mun je Dubai da yara, muka shiga wajen da ake wasa da dolfin. Muna fitowa 'yata ta ce, "Mama, ina iyayensu?" Na rasa amsa. Ni dai na ga ana ciyar da su, ana duba lafiyarsu, fuskarsu ma kamar murmushi suke yi. Mene ne bambancin wannan da kiwon da muke yi a gida? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da murmushin, don shi ke yaudarar kowa. Ƙirar muƙamuƙinsa ce haka. Dolfin ko yana ciwo, ko ma ya mutu, bakin nan ba ya sauyawa.

Dolfin ba kifi ba ne. Kamar ayun da ke kogin Binuwai, da huhu yake numfashi, uwar tana haihuwa ta shayar da ɗanta. Kowanne yana da fito nasa na kansa da 'yan uwansa ke gane shi da shi, tamkar suna. Da sauti kuma yake gani: yana aika ƙara, ta bugi abu ta dawo, ya san girman abin da nisansa. A tafki, duk inda ya aika bango ne. Akuya da tantabara sun yi dubban shekaru a hannun mutum har halinsu ya dace da zaman gida. Dolfin dabbar teku ce da aka cire daga teku, ko ita ko iyayenta.

Lamarin ya fi muni ga orka, babbansu mai baƙi da fari, wanda kan yi tafiyar fiye da kilomita 100 a yini. A wasu zuriyoyinsu namiji ba ya rabuwa da uwarsa har mutuwa. A 1970 aka kama wata 'yar orka a gaɓar jihar Washington ta Amurka, aka sa mata suna Lolita, aka kai ta Miami. Tsawonta kusan mita 6, zurfin tafkinta ma kusan mita 6. Abokin zamanta Hugo, wanda ya sha buga kansa da bango, ya mutu a 1980, daga nan ba ta sake ganin wani orka ba har ta mutu a 2023. Shekara 53 ke nan, alhali danginta suna yawo a ruwan da aka ɗauke ta. Duk sanda na tuna wannan lissafi sai zuciyata ta yi nauyi. Akwai kuma Tilikum, wanda aka kama kusa da Aisland a 1983, ya kashe mai horar da shi a gidan wasan SeaWorld da ke Orlando ta Amurka a 2010. Irin waɗannan sukan tauni siminti da ƙarfen ƙofa har haƙoransu su lalace, abin da masu nazarin dabbobi ke ɗauka alamar ƙunci ce.

Tambayar 'yarki kuwa tana da amsa. Wasu a tsare aka haife su. Wasu kamo su aka yi: a 2007 an kai dolfin 28 Dubai daga tsibiran Solomon. A Taiji ta Japan, daga watan Satumba, masunta kan kora garke zuwa lungun gaɓa, a zaɓi masu kyan gani a sayar wa gidajen wasa, a yanka da yawa daga sauran.

Masu wuraren suna da hujja, kuma ba zan tauye ta ba. Ma'aikatan da yawa suna son dabbobin nan da gaske, an koyi ilimi mai yawa daga waɗanda ke tsare, ƙananan dolfin kuma kan yi tsawon rai inda kulawa ta yi kyau. Amma tsawon rai bai nuna yadda aka yi shi ba, kuma yaron da ya ga dolfin yana wasa da ƙwallo don a jefa masa mataccen kifi bai koyi komai game da zaman teku ba. A ganina, tsare su don nishaɗi bai dace ba. Indiya ta hana buɗe irin waɗannan wurare a 2013, SeaWorld ta daina hayayyafar orka a 2016, Kanada ta haramta kamawa da hayayyafa a 2019.

Sai dai buɗe ƙofa kawai ba mafita ba ce. Keiko, wani orka da ya fito a fim ɗin Free Willy, an mayar da shi Aisland a 1998 bayan kashe miliyoyin daloli. Bai iya shiga cikin 'yan uwansa ba, ya yi ta bin mutane, ya mutu a Norwe a 2003. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin killace wani yanki na teku, a ajiye waɗanda ke hannu ba tare da wasa ba, a kuma daina haifar sababbi.

Ke dai, Hajiya, kuɗin tikiti ne ke riƙe da sana'ar, musamman na hoto da iyo tare da su. Idan kun koma, ki nemi jirgin ruwan da ke fita kallonsu a teku, kamar a Musandam ta Oman, 'yan sa'o'i a mota daga Dubai. Can 'yarki tana iya dacewa ta ga ƙarami yana iyo a gefen uwarsa.