Tambayoyinku kan waya: guruf ɗin siyasa, sirrin lamba, da maigidan da ya daina barci

Assalamu alaikum jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama, Madina da duk inda kuke a Accra. An yi zaɓen shugaban ƙasar Ghana tun 7 ga Disamba 2024, Mahama ya ci, Bawumia ya kira shi ya taya shi murna, amma wayoyinmu har yau basu san an gama ba, don saƙonnin da kuka turo min wannan karon kusan duk siyasa ce a ciki. Bismillah.

Tambaya: Malam dan Allah, ni tela ce bana siyasa, amma kullum sai in tashi in ganni cikin sabon guruf na jam'iyya, in na fita a sake maida ni, ga tes ɗin kamfen kuma baya ƙarewa. Wa ya basu lambata, kamfanin layi ne ke sayarwa? Daga wata 'yar uwa a Mamobi.

Amsa: 'Yar uwa kafin ki kai ƙarar kamfanin layi ki zauna ki tuna takardu nawa kika rubuta lambarki a kai da hannunki. Ranar da aka ce za a raba keken ɗinki kowa ya kawo suna da lamba, takardar masu anko, littafin adashi, littafin mai MoMo, wato mai tura kuɗi ta waya, da yake buɗe a kan tebur kowa na leƙawa. Sannan duk guruf ɗin WhatsApp da kike ciki, ko na biki ne ko na makarantar yara, kowane mamba yana ganin lambobin sauran, yaro ɗaya mai neman shiga wajen ɗan takara ya isa ya kwashe su cikin dare ɗaya. Akwai kuma manhajojin bada bashi da na nuna sunan mai kira, waɗanda ke neman izinin shiga lambobin waya, ƙawarki ta danna Allow shikenan lambarki ta tafi ke baki ma sani ba.

Maganin guruf mai sauƙi ne. A cikin WhatsApp ki shiga Settings, Privacy, Groups, ki cire shi daga Everyone ki maida My contacts, in kuma mai jefa ki ɗin yana cikin waɗanda kika yi sebin, ki zaɓi My contacts except ki sa sunansa. Daga nan sai dai ya turo miki gayyata, in baki karɓa ba cikin kwana 3 ta mutu da kanta. Tes kuwa ki toshe lambar. Kuma ki sani muna da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Act 843, da hukumarta Data Protection Commission, kina da damar cewa a daina amfani da lambarki wajen turo miki talla, in an ƙi ki kai musu ƙorafi.

Tambaya: Yallaɓai, na tura wani boyis a guruf ɗinmu na matasa, wani ne ke cewa wani babban ɗan siyasa ya sace kuɗin aikin kwata, bayan kwana biyu aka ce ƙarya ne. Yanzu abokaina na tsorata ni wai gwamnati na sauraron WhatsApp za a zo a ɗauke ni. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Nima.

Amsa: Ɗan uwa kwantar da hankalinka tukuna, amma kada ka kwantar da shi duka. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga wayar mai turawa zuwa wayar mai karɓa, wanda ke tsakiya, ko kamfanin layi ne ko shi kansa WhatsApp ɗin, baya iya buɗe abin da ke ciki. Abin da ake iya sani shi ne irin su lambarka da lokacin da ka hau, kuma ka tuna tun rajistar sim da aka fara a Oktoba 2021 layinka na ɗaure da Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, maganar "ai ba wanda ya san ni ne" ta ƙare.

To amma ni abin da ke bani mamaki, mutum na tsoron wata na'ura a ofishin gwamnati alhali guruf ɗinsu mutum ɗari biyu ne, rabinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba. Wa ke buƙatar na'ura? Guruf kamar bencin ataya ne, sai dai wannan bencin kowa na riƙe da rikoda. Ɗaya ya ɗau sikirinshot, lambarka na sama ɓaro-ɓaro, ya tura wa yayansa da ke ɗaya jam'iyyar, kafin la'asar abin ya kai Facebook. Kullen WhatsApp baya hana wannan, ba aikinsa bane ma. Haka in ka bada waya gyara a kasuwar waya ta Circle ka faɗa wa mai gyara lambar sirrin buɗe wayarka saboda wai zai gwada sikirin, ko ka ba wani aron waya ya yi kira ka juya baya, ya shiga Linked devices ya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa cikin minti ɗaya. Yau ɗin nan ka leƙa wurin, duk na'urar da baka gane ba ka yi mata Log out, ka kunna Two-step verification ka sa lamba 6 da kai kaɗai ka sani.

Ɓangaren doka kuma, Ghana ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001, amma sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960 kan yaɗa labarin ƙarya mai tada hankalin jama'a yana nan, haka sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008, kuma an sha kama mutane da su har da 'yan jarida. Wanda aka ɓata wa suna shima zai iya maka mutum kotu ya nemi diyya. Ni ba lauya bane, in har takarda ta zo maka to lauya zaka nema ba mai waya ba. Abin da zan ce ka yi yanzu: in bai wuce kwana biyu ba ka yi Delete for everyone, in ya wuce ka rubuta a guruf ɗin a fili cewa abin da ka tura ba gaskiya bane. Magana zarar bunu ce, amma gara a ga ka janye. Gaba kuma in ka ga kibiya biyu da Forwarded many times a saman saƙo ka tsaya, ka duba ko masu tantance gaskiyar labarai irin su GhanaFact ko Dubawa sun yi magana a kai.

Tambaya: Wai da gaske waya na jin hirarmu? Mun yi maganar wani ɗan takara, da dare sai ga bidiyonsa a TikTok ɗina. Daga wani ɗalibi a Madina.

Amsa: Ba sai ta saurare ka ba. Manhajar ta san kana Accra, ta san bidiyon da ka tsaya a kai jiya da sakan nawa ka yi, kuma abin da ke tashe a unguwarku shi take tura wa kowa. In zuciyarka bata natsu ba shiga Settings na wayar, in Android ce, ka nemi Permission manager ka cire wa duk manhajar da bata buƙata izinin makirfo. Sabbin wayoyi ma na nuna ɗan ɗigo a saman sikirin duk lokacin da makirfo ko kyamara ke aiki.

Tambaya: Malam mijina ne. Tun zaɓe ya canza, sai ya kai ƙarfe biyu na dare yana kallon layif ɗin masu zagin juna, yana rubuta kwament yana huci, asuba na wuce shi, ya daina magana da ƙaninsa saboda jam'iyya, yara ma tsoron shiga ɗaki suke. Akwai yadda zan rufe masa abin a ɓoye? Daga wata uwargida a Sabon Zango.

Amsa: Hajiya Allah ya kawo sauƙi. A ɓoye kam a'a, ranar da ya gane ke ma kin zama 'yar adawa, kuma ni bana koya wa kowa shiga wayar wani ko da mijinsa ne ko matarsa.

Ki fara da sanin cewa ba shi kaɗai bane kuma ba duka laifinsa bane. Waɗannan manhajoji da talla suke cin abinci, iya daɗewarka a ciki iya ribarsu, kuma ba abin da ke zaunar da mutum kamar fushi. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna akwai lokacin da alamar fushin nan da sauran alamomin fuska ke da nauyin layik biyar wajen zaɓen abin da za a nuna wa mutane. Wato mutum ya kalli bidiyon zagi ɗaya har ƙarshe, gobe a kawo masa goma, shi kuma yana ganin kamar ƙasar ce gaba ɗaya ta kama da wuta, alhali in ya leƙa waje mai koko da ƙosai na nan tana sayar wa 'yan jam'iyyar NDC da 'yan jam'iyyar NPP a layi ɗaya.

Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, kada ki taɓo jam'iyya ko kaɗan, ki ce barcinsa ne ya dame ki. Ku buɗe Digital Wellbeing tare in Android ce, Screen Time in iPhone, zai nuna masa awa nawa ya ƙona a kowace manhaja, yawancin maza in suka ga lambar da idonsu shiru suke yi. A nan zai iya sa wa TikTok da Facebook iyaka, misali minti 40 a rana. Bidiyon zagi in ya fito ya danne shi ya zaɓi Not interested maimakon ya tsaya maida martani, don martanin nan shi ke kira wasu. Guruf ɗin jam'iyya a yi masa Mute a jefa shi Archive, ba sai ya fita an ce ya yi ridda ba. Abin da ya fi duka aiki kuma ba a cikin Settings yake ba, caja ta koma falo, bayan isha'i waya ta kwana can.

Maganar ƙaninsa ki sa mahaifiyarsu ko wani babba da yake jin nauyi, ko limamin unguwa, wannan ba aikin manhaja bane. In kuma an yi makonni barcin bai dawo ba, ko cin abinci ya ragu, ko ƙirjinsa na bugawa, ko ya fara furta maganar gajiya da rayuwa, to ku je asibiti mafi kusa a auna jininsa ku faɗa wa likita maganar barcin da fushin ba ɓoye-ɓoye, su zasu haɗa shi da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa in da buƙata. In shi ya ƙi zuwa, ke ki fara zuwa ki yi musu bayani.