Idan aka kawo maka hoto aka ce irin wannan ake so

Maigida, Hajiyar da za mu gyara wa falo ta turo hotuna shida daga Instagram da Pinterest, har da wani shafi na mujallar adon gida, ta ce irin su take so sak. Falon nata ƙafa 14 ne da 12. Duk sun yi min kyau, amma na rasa ta inda zan kama. Kwafa za mu yi kawai, ko yaya ake yi?

To ɗana, gara da ka tambaya kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya. Hoto karanta shi ake yi, a gano abin da ya sa ya yi kyau, sannan a duba ko ɗakin da ke gabanka zai ɗauka.

Fara da jera hotunan shida wuri ɗaya ka nemi abin da ke maimaituwa a cikinsu. Sau da yawa mai gida ba ta san takamaiman abin da ya ja hankalinta ba. Za ka tarar biyar daga ciki bangonsu mai haske ne, ko duk labulensu daga sama yake zubowa har ƙasa, ko kuma kayan ɗakin ne ba su da yawa. Wannan abin da ya maimaitu shi take so. Ka nuna mata shi da yatsa ka ce, Hajiya, wannan ne? In ta amsa, rabin aikin ya ƙare.

Sai girman ɗakin da ke hoton. Nemi ƙofa a ciki, domin tsayin ƙofa bai cika wuce mita 2 zuwa 2.1 ba a ko'ina. In ka ga abin da ya rage daga saman ƙofa zuwa silin ya kai rabin ƙofar ko fiye, silin ɗin ya haura mita 3 ke nan, alhali namu da ƙyar yake kai ƙafa 10, wato kamar mita 3, kafin a sa POP, adon silin na farar filasta. Masu ɗaukar irin waɗannan hotuna kuma suna amfani da kyamara mai buɗe wuri da ƙarin fitilu, su kwashe duk tarkacen da mutane ke rayuwa da shi. Wasu hotunan ma ba ɗaki ba ne, kwamfuta ce ta zana su. Hatta kamfanin IKEA mai sayar da kayan ɗaki ya daɗe yana zana da yawa daga hotunan kayansa da kwamfuta. Alamarsu ita ce ba ka ganin soket, ba wayar wuta, ba mahaɗar tayil da ta ɗan kauce.

Shi ya sa tef ke gaba da komai. Falon Hajiya mita 4.2 ne da 3.6. Doguwar kujera mai cin mutum uku takan kai mita 2.1 a tsawo, zurfinta kusan santimita 90. Ka sa biyu suna fuskantar juna a faɗin 3.6, saura mita 1.8 a tsakiya. Tsakanin kujera da tebur ana son santimita 40 zuwa 45, hanyar wucewa kuma 80 zuwa 90. Ɗauki alli ka zana kowace kujera a ƙasa, ka roƙi Hajiya ta taka ta wuce. Nan da nan za ta ga cewa setin da ke hoton ba zai shiga ba, ba sai kun yi musu ba. Kar ka manta kuma mu mutanen zaman ƙasa ne. A falon nan za a shimfiɗa ledar cin abinci, a yi salla, ranar suna mata su cika shi. Babban teburin tsakiya mai gilashi da ba ya ɗaguwa zai zame musu alaƙaƙai. Ƙanana biyu da yaro zai iya jan su gefe sun fi.

Maganar launi ita ce inda aka fi yin asara, don haka ka natsu a nan. Fuskar waya haske take fitarwa, bango kuwa hasken da ya faɗo masa yake mayarwa, don haka launi ɗaya ba zai taɓa fita iri ɗaya a wuraren biyu ba. Ko waya biyu ka jera, toka-tokar wannan daban da ta waccan. Kar ka kai wa mai haɗa fenti waya ka ce ya haɗa. Ku zaɓa daga katin launuka na kamfanin fentin, ka rubuta lambar, ka sayi ɗan kaɗan. Shafa faɗin rabin mita a bangon da ke kallon taga da wanda ke gefenta, shafi biyu, ka bar shi ya bushe sarai. A duba shi da safe, da la'asar, da dare an kunna wuta. Wannan toka-tokar da ake yayi daga ƙasashen arewacin Turai take, inda rana ba ta da ƙarfi kuma daɓen katako ke ɗumama ɗakin. Ka sa ta a kan farin tayil, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki mai lamba 6500K da ya cika kasuwa, sai falo ya koma kamar ɗakin jira na asibiti. Ɗumin da kake gani a hoton daga ƙwai mai 2700K zuwa 3000K yake, mai ɗan ruwan ɗorawa. Lambar tana jikin kwalin. Wani lokaci canza ƙwai kaɗai ya isa ya gyara ɗaki.

Masu adon gida suna da wani rabo da ke taimakawa: launi ɗaya ya ɗauki kamar kashi 60 na abin da ido ke gani, wato bango da ƙasa, na biyu kashi 30, kujeru da labule, na uku kashi 10, filalla da ƙananan kaya. Ba doka ba ce, amma tana hana ka zuba launi biyar a ɗaki ɗaya.

Lissafin fentin ga shi. Kewayen falon mita 15.6 ne, ka ninka da tsayi mita 3, ka cire ƙofofi da taga, zai rage kusan murabba'in mita 41. Lita ɗaya ta fenti mai kyau takan rufe kamar murabba'i 10 a bango mai santsi. Shafi biyu zai ci lita 8 da ɗan ɗoriya, don haka galan biyu masu lita 4 za su yanke maka a bango na ƙarshe. Sayi uku, ka juye su a bokiti ɗaya ka gauraya, domin haɗi biyu ba sa zuwa daidai. Fenti mai sheƙi yana gogewa da tsumma, kuma da ƙurar hunturu da hannun yara wannan babbar riba ce, sai dai yana tona duk wani tudu da kwari na filasta. In ba a yi wa bangon sikiridin mai kyau ba, wato shafen da ke sa shi santsi kafin fenti, kar ka kusance shi. Sabuwar filasta kuma a ba ta kamar mako huɗu ta bushe, in ba haka ba fentin zai kumbura ya fito da farin gishiri.

Labule shi ne abin da ya fi sauƙin ɗaukowa daga hoto, kuma shi ya fi canza ɗaki. Ɗaga sandar kusa da silin, ka bar ta ta zarce taga da santimita 20 kowane gefe. Yadin ya ninka tsawon sandar sau biyu zuwa biyu da rabi, in ba haka ba zai tsaya a miƙe ba ninki. Tagar mita 1.5 sandarta 1.9, yadi kusan mita 4 zuwa 4.75. A hoto za ka ga labule ya kwanta a ƙasa. Mu ka ɗage shi da santimita 1 ko 2, saboda shara da ruwan goge-goge.

Akwai abubuwan da za ka ce mata a'a cikin ladabi. Kanta marar ƙofa cike da kayan ado, ƙura za ta sha kullum. Farar kujera mai gashi-gashi ba za ta ga ƙarshen hunturu ɗaya da farinta ba. Kabad na MDF, wato allon garin katako da aka matse, da ya zauna a ƙasa kai tsaye zai sha ruwan mofa ya kumbura, sai a sa masa ƙafa. POP mai hawa uku a silin mai ƙafa 10 zai danne ɗakin, zubi ɗaya na santimita 15 a kewaye ya wadatar. Kuma ɗakunan hoton ba su da fanka, mu kuwa dole ne. In ƙananan fitilun silin suka faɗo saitin fukafukanta, haske zai riƙa ƙyaftawa har ya sa ciwon kai, don haka ka nisanta su da da'irar fankar.

Kar idonka ya tsaya a waya kaɗai. Je Gidan Makama a Kano ka ɗaga kai ka kalli ɗaurin guga, wato rufin ɗaki na bakan gizo irin na ginin gargajiya. In hanya ta kai ka Zariya, ka ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da zanen da ke fuskar fadar Sarkin Zazzau. Unguwar Birni a Damagaram ma haka. Magina irin waɗannan sun san inda za a cika ado da inda za a bar bango ya huta. Zane ɗaya na dagi a bango guda, tumtum biyu na fata, da filalla na yadin shuni daga marinar Ƙofar Mata, sun ishi wancan kashi 10 ɗin, kuma sun saba da ranarmu da ƙurarmu.

Gobe ka koma da tef da alli da katin launuka. Abin da kuka tsayar ka rubuta shi a takarda, da lambar fenti da awon kowane kaya, ta riƙe ɗaya ka riƙe ɗaya. Ka tabbata mai wayarin ya gama fasa bangonsa kafin mai POP ya hau, sannan sikiridin da shafin farko. Shafi na biyu sai bayan kafinta ya gama kafe-kafensa, labule kuma a ƙarshe, bayan an share ƙurar aikin.