Goran ɗaure jirgi: fara auna sarƙa tukuna

Ɗana, ka ce goran da ke riƙe da sarƙar jirgin nan ya fara nitsewa, kana tambaya ko a sayo irinsa sak a maye gurbinsa. Dakata tukuna. Wa ya gaya maka na farkon daidai yake?

Mutane da yawa girman jirgi suke kallo su zaɓi gora. Ai jirgi anga ce ke riƙe shi, wato nauyin da ke zaune a ƙasan ruwa, ita da sarƙa. Aikin gora shi ne ya ɗauki nauyin sarƙar da ke rataye daga bakinsa zuwa ƙasan ruwa, saboda haka daga sarƙa lissafi yake farawa.

Auna zurfin wurin a lokacin da ruwa ya cika maƙil. A ce mita 8 ka samu. Sarƙa mai kaurin milimita 12, kowace mita tana kai kilo 3 da ɗan wani abu, ka ga an doshi kilo 25 ke nan. Haɗa da majuyi, ƙarfen da ke juyawa don kar sarƙa ta murɗe, da zobban ɗauri masu kusa da ake haɗa sarƙa da su, ka ce 30. To ninka shi biyu, domin so ake rabin gora ya zauna a sama, ga kuma gansakuka da ƙananan halittun ruwa da za su manne masa su ƙara nauyi. Lita guda ta cikin gora kilo guda take ɗagawa. Ƙwallo mai faɗin santimita 45 bai wuce lita 48 ba, kuma sai ka cire nauyin kansa, ka ga bai isa ba. Mai santimita 60 ya haura lita 110. Shi za ka ɗauko.

Sai ƙirarsa. Ni dai na fi son mai bututu a tsakiya, wanda sarƙa ke ratsawa ta fito sama a ɗaura igiyar jirgi a kanta. Mai rodi a ciki, da zobe sama da ƙasa, ina tsoronsa ƙwarai. Na taɓa zaro rodin wani, daga waje fes, a tsakiya kuwa tsatsa ta cinye shi ya koma kamar fensir, da hannu na karya shi. Jirgin mutum na kwana a kan wannan! Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ka nemi mai tauri wanda aka cika da soson da ba ya shan ruwa. Ko ya tsage ba zai nitse ba. Na hurawa da iska kuwa, huda ɗaya ta gama da shi.

Tunda za ka ɗago sarƙar, duba zobbanta na sama da waɗanda ke gogar ƙasan ruwa, nan suka fi cinyewa. Kada ka haɗa ƙarfe mara tsatsa da sarƙa mai rufin tutiya, a ruwan gishiri ɗayan cin ɗayan yake. Kusar kowane zoben ɗauri kuma ka naɗe ta da waya, kar igiyar ruwa ta kwance ta. Gobe ka zo da ma'auni mu auna tare.