Matata ta haifi zabiya, mu kuwa baƙaƙe ne: shin ɗana ne?

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Kumo nake rubuto maka. Shekarata huɗu da auren 'yar baffana. 'Yarmu ta fari baƙa ce kamar mu, sai ga shi watan jiya matata ta haifi namiji fari fat, har gashin kai da gira, zabiya dai. Tun kafin suna gwaggona take ta habaici, wai "wannan ba irin gidanmu ba ne". Zuciyata ta soma rawa. Ya halatta in kore shi, ko in je gwajin DNA?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, yaron nan ɗanka ne, kuma bai halatta ka kore shi saboda launin fatarsa ba. Manzon Allah (SAW) ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato duk abin da mace ta haifa a ɗakin mijinta bayan wata shida da tarewa, na mijin ne.

An ma taɓa kawo irin wannan ƙara gabansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo ya ce matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nufin ba nasa ba ne. Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi daga kakanni. Annabi ya ce ɗanka ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi, bai kuma ba shi damar kore yaron ba. Kan wannan malaman Malikiyya suka tafi: a cikin Mukhtasar, Shehu Halilu ya faɗa a fili cewa ba a dogara da rashin kamanni wajen li'ani, wato rantsuwar da miji ke yi gaban alƙali don zargin matarsa da zina ko kore ɗa, ko da bambancin launi ne.

Wannan jijiya ita ce likitoci ke kira ƙwayar gado. Mutum yana ɗauke da kromosom 46, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, guda 23 daga uba, 23 daga uwa, don haka kusan kowace siffa tana da kwafi biyu a jikinsa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa ta bayyana. Wata kuwa mai ɓuya ce, sai ta haɗu da irinta sannan a gan ta. Zabiyanci na cikin masu ɓuya. Kai kana ɗauke da ita, matarka ma haka, amma lafiyayyen kwafin da ke wajen kowannenku ya ishe shi yin melanin, sinadarin da ke rina fata da gashi da ido. Yaron nan ya karɓi mai ɓuyar ta ɓangarori biyu, shi ya sa ya fito fari. A kowane ciki yiwuwar hakan ɗaya ce cikin huɗu, daidai da lissafin sikila idan AS ya auri AS. Tun 1865 masanin kimiyya Gregor Mendel ya nuna haka a gonar wake: farin fure ya ɓace a zuriya ta farko, ya sake ɓullowa a jikoki.

Ka kuma lura, matarka 'yar baffanka ce, kakanninku ɗaya. Mai yiwuwa daga nan ku biyun kuka gado ta, ta bi ta jikin iyayenku shiru. Ita kanta gwaggon taka tana iya ɗauke da abin da take yi wa habaici. Ka zauna da dattawan gida ka tambaya, ba mamaki a tuno maka wani zabiya a dangi.

Batun DNA kuwa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 2002, ta yanke cewa ba a amfani da wannan gwaji a kore nasabar da ta riga ta tabbata, ba a kuma gabatar da shi kan li'ani. Shi li'anin, da ke cikin Suratun Nur, na mijin da ya ga alfasha da idonsa ne, ko yake da tabbacin cikin ba nasa ba ne. Kai ba ka faɗi ko ɗaya ba.

Gwaggo uwa ce, ka yi mata magana cikin ladabi, amma ka sanar da ita cewa jifan kamammiyar mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba bulala tamanin ne, kuma wurin Imamu Malik habaicin da kowa ya gane inda ya dosa yana ɗaukar hukuncin ƙazafi. Ta tuba, ta nemi gafarar mai jego.

Shi kuma yaron, ranar ƙasar Gombe ba ta yi wa fatarsa da sauƙi. A sa masa riga mai dogon hannu da hula mai faɗin baki, kada a goya shi a tsakiyar rana, a kai shi likitan ido ya duba shi da wuri, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a jikinsa a garzaya asibiti.

Wallahu a'alamu.