Tambayi Kawu: Akwatin Kiɗa, Adafta da Wutar Zariya

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a Samaru. Na ga Korg Volca Beats, ƙaramin akwatin kiɗan ganga mai aiki da lantarki, na hannu wurin wani a Sabon Gari, amma babu adaftarsa. Ya ce kowace mai 9V za ta yi. In saya?

Ɗana, wannan "kowace za ta yi" ita ta ƙona kayan mutane da yawa a garin nan. Volca 9V yake sha, gaskiya ne, amma filos ɗinsa a tsakiyar bakin waya yake. Adaftar fedal ɗin jita, irin na Boss, ita ma 9V ce, sai dai mainos ne a tsakiya. Idan bakin bai shiga ba, sai wani gwani ya yanke waya ya haɗa maka wani, ka jona, ka ji ƙauri. Akwai ɗan zane a jikin kowace adafta da ke nuna wannan, mutane ne ba sa dubawa.

Ga kuma jabu. Na taɓa sayen wata, a hannu kamar kwalin ashana don rashin nauyi, an rubuta 9V ɓaro-ɓaro. Da mai gyaran rediyo ya ɗora mata mita, sai ga ta ta haura 12. Abin da ke ba ni haushi, mutum zai tara kuɗin wata uku ya sayi na'ura, sannan ya tsaya cinikin adafta kamar tumatir ɗin yamma. In kayan daga Amurka suka fito, ka duba da kyau: wutarsu 120V ce, tamu 230V. In ba ka ga 100-240V a jiki ba, kada ta kusanci soket, balle janaretan maƙwabci.

Volca na aiki da batir AA guda 6. Ka tafi da naka da iyafis, ka murɗa kowane maɓalli. In kana jin ƙaraf-ƙaraf, ƙurar hunturu ta shige shi. Ka buɗe gidan batir, in ka ga farin gari ko tsatsa, ka yi masa sallama.

Tambaya: Na karanci zane, ina son yin hotunan da ke motsi da kansu suna bin sauti. Laftof ɗina tsohuwa ce, ina tsoron ba zan iya ba. Daga wata a Tudun Wada.

'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki sayi komai tukuna. Processing, manhajar yin zane ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, kyauta ce, tun 2001 aka yi ta don masu zane irinki. Hydra kuma, wata manhajar hotuna masu motsi, a burauza take buɗewa, tana sauraron makirfo, ki tafa hannu ki ga launi ya girgiza. Ki je cikin birni ki kalli zanen bangon ƙofar fadar Zazzau, ki ɗauki dagi guda, ki koya wa kwamfuta ta maimaita shi tana sauya girma da launi. Akwai wata manhajar, TouchDesigner, amma tana son kwamfuta mai ƙarfin hoto, ki bar ta sai gaba. In kin maƙale, ki sake rubuto min.

Tambaya: Wace na'ura ce ke haɗa waƙa da kanta, in yi suna kafin Sallah?

Malam, babu wadda za ta yi maka suna haka kawai. Ko masu sa na'ura ta ƙirƙiri kiɗa, su ke shimfiɗa mata ƙa'ida, su kwana suna saurare suna gyarawa. Ka sauke VCV Rack, manhajar haɗa sauti a kwamfuta, kyauta ne, ka yi wata guda kana jona wayoyinsa a allo, sannan mu yi maganar kuɗi.